Shirwa da Hankaka a Tsakar Gida: Yadda Za Ka Tsare 'Yan Tsaki da Sheƙar Tsuntsaye

Kaza ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai, ta fito da 'yan tsaki 12. Bayan mako biyu a ƙirga a ga 7. Kafin wata ya cika saura 4. Duk gidan da ake kiwon kajin sake an san wannan lissafi, har an saba da shi, a ce rabon shirwa ne. A kan darbejiyar tsakar gida ma labarin ɗaya ne: kurciya ta jera 'yan tsinkenta, ta saka ƙwai biyu, ta ƙyanƙyashe, wata safiya a ga hankaka ya tashi daga reshen da abu a bakinsa, uwar tana gefe tana kaɗa fiffike.

Wanda ya ga haka da idonsa ransa zai ɓaci, kuma ɓacin ran yana kan hanya. Sai dai abin da mutane suka fi yi bayan haka, wato neman gwafa, tarko ko guba, shi ne mafi ƙarancin amfani. Sararin sama ba ya ƙarewa da shirwa. Ka kashe ɗaya yau, wata ta gaji wurin.

'Ya'yan tsuntsu iri biyu ne a gidanka, kuma haƙƙinsu a kanka ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda kai ka ajiye, 'yan tsaki, 'ya'yan zabi, 'yan shila. Waɗannan amana ce, kare su wajibinka ne, kuma ana iya kare su kusan gaba ɗaya. Akwai kuma na daji da suka zo suka yi sheƙa a bishiyarka. Su kam iyakar abin da za ka yi musu shi ne ka ba su maɓoya, ka kuma daina tona musu asiri. A kan wannan rabe-raben aka gina matakan da ke ƙasa.

Mataki na 1: Gano mai ɗaukar kafin ka yanke hukunci

Shirwa ce ke shan zagi, amma ba ita kaɗai ke ɓarna ba. Kowane maɗauki yana da lokacinsa da irin sawun da yake bari, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan.

Shirwa da rana take aiki, a fili. Za ka gane ta da jelarta mai tsagu a tsakiya da yadda take shawagi tana karkata jelar. Takan sauko a sukwane, ta sure ɗan tsako da ƙafa ba tare da ta sauka ƙasa ba, ta wuce. Ba ta barin komai, ko gashi. Shaidarka ita ce ihun uwar kaza da watsewar sauran. Ƙafafunta ba su da ƙarfin ɗaukar babbar kaza, shi ya sa ɓarnarta ta tsaya a kan ƙanana.

Shaho ɗan kwanton ɓauna ne. Ƙananan shahuna kan laɓe cikin ganye, su fito kamar kibiya, su kai abin da suka kama wani reshe ko kan katanga su fige shi. In ka ga tarin gashi a wuri ɗaya ƙarƙashin bishiya, an tuge shi tsaf ba a tauna gindinsa ba, aikin shaho ne.

Hankaka ya fi su duka wayo. Yakan zauna a kan kwano ko turken lantarki yana kallon inda kaza ke shiga, inda tattabara ke kai tsinke, inda kai kanka kake leƙawa. Ƙwai ya fi so, sai jariran tsuntsu da ba su yi gashi ba. Ɓawon ƙwai da aka huda a gefe aka shanye, ko aka yar nesa da sheƙa, alamarsa ce. Sau da yawa su biyu ne: ɗaya ya tsokani uwar ta bi shi, ɗayan ya ɗauka.

Akwai waɗanda ba a zargi. Ragon maza, wannan mai jan fiffike da doguwar baƙar jela da ke rarrafe cikin shinge, yana cin ƙwai da 'ya'yan ƙananan tsuntsaye. Akwai kuma wani babban shaho mai ruwan toka, fuskarsa rawaya ba gashi, wanda gwiwar ƙafarsa ke lanƙwasuwa gaba da baya. Da ita yake zura ƙafa cikin kogon bishiya, ko ya rataya kai a ƙasa a jikin sheƙar tsuntsayen saƙa ya zaro 'ya'yan.

Idan kuwa da dare abin ke faruwa, ka sauke idonka daga sama. Ɓera da gafiya kan ci rabi su ja sauran bakin rami. Muzuru kan bar fiffike da gashin da aka tauna. Maciji kan haɗiye ƙwai ko ɗan tsako a wayi gari babu alama. Kwarkwasa in ta shiga akurki sai dai a tarar da ƙashi. Ka yayyafa toka ko lallausan yashi a bakin akurki da magariba, da safe sawu zai gaya maka wanda ya zo.

Kada kuma a manta da waɗanda suka mutu da kansu. Ɗan tsakon da sanyi ko cuta ta kayar a bayan ɗaki, hankaka ya zo ya ɗauki gawar, sai a ce shi ya kashe. Binciken kiwon kajin ƙauye a ƙasashen Afirka ya sha nuna cewa rabin 'yan tsaki ko fiye ba sa kai wata biyu, kuma cuta, sanyi da yunwa suna da babban kaso a ciki tare da masu ɗauka.

Mataki na 2: Rufe su makonni 6 na farko

Wannan shi ne ƙashin bayan maganar. Duk sauran dabaru ƙari ne. Ɗan tsako yana cikin haɗari mafi girma daga ƙyanƙyasa zuwa mako 6 ko 8. Bayan nan ya yi nauyi, ya yi gashi, ya iya gudu da ɓuya. Idan ka tsallakar da shi wannan zango, ka ci mafi yawan yaƙin.

Iyayenmu mata suna kifa babban kwando a kan kaza da 'ya'yanta, su ɗora dutse. Dabarar tana aiki har yau, illarta ƙunci ne, kuma ɓera na iya huda ta. Abin da ya fi shi ne keji mai ɗaukuwa, wanda kafinta zai haɗa maka a yini ɗaya, ko ka haɗa da kanka da gora ko katako.

Ga kaza ɗaya da 'ya'ya 10 zuwa 12, tsawon mita 2, faɗin mita 1, tsayi kamar santimita 60 ya wadatar. Ka zagaye gefuna da sama da ragar waya mai ƙananan idanu, ta rabin inci. Ragar kaji mai manyan idanu tana hana shirwa, amma ɗan tsako na iya zura kai waje hankaka ya cafke, kuma ƙaramin maciji yana ratsa ta. Rabin saman ka rufe shi da kwano, buhu ko zana, don inuwa da ruwan sama. Idan kwano ne ka shimfiɗa ciyawa ko kara a kansa, don zafin bazara a ƙarƙashin kwano tsirara kashe su zai yi. Ƙasan kejin a bar shi a buɗe domin su yi tono, amma ka tabbata gindinsa ya zauna daram, babu gurbin da za a shiga ta ƙasa. Kullum ko bayan kwana biyu a matsar da shi zuwa sabon wuri, kashi ba zai taru ba, su kuma samu sababbin ƙwari.

Wanda ba shi da kuɗin raga, tsohon gidan sauro ko tsohuwar komar kamun kifi a ɗaure a kan sanduna tana tare na sama. Ba ta tare na ƙasa, saboda haka da dare a mayar da su ɗaki ko akurki mai ƙofa. A kuma ja ragar ta miƙe sosai. Raga mai sako-sako tana sarƙe ƙafar duk tsuntsun da ya sauka a kai, har da kurciyar da ba ruwanta.

A nan ne mutane da yawa ke faɗuwa: sun rufe 'yan tsaki amma ba su ciyar da su yadda ya kamata ba, suka rame, sai aka ce rufewa ba ta karɓe su ba. Wanda ka hana shi fita neman abinci, abincinsa ya dawo wuyanka, kuma tsakin dawa zalla ba ya gina jiki. Idan da hali a sayi abincin 'yan tsaki na kamfani ko da na makonni 3 na farko. Idan babu, a haɗa tsakin masara ko gero da dakakken ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da ɗan garin busasshen kifi, da yankakken ganyen zogale. Gyaɗa ko ƙuli da ya yi fumfuna kada ya kusance su, gubar da ke cikinsa tana lalata hanta. Gara kuma abinci ce mai kyau ƙwarai. Masu kiwon zabi sun daɗe suna cika tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, su ɗan jiƙa, su kifa ta a kusa da suri, washegari su ɗauko ta cike.

Ruwa a ƙaramin faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su nutse, a sauya shi safe da yamma. Lokacin hunturu a lulluɓe kejin da buhu ta ɓangaren da iska ke bugowa. Kuma tunda an tara su wuri ɗaya, ɗiga musu rigakafin cutar Newcastle ya zo da sauƙi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin wanda ke jure zafi, wanda aka yi domin kajin ƙauye. A tambayi ma'aikacin lafiyar dabbobi na yankin, musamman kafin sanyi ya shigo, don a lokacin ne cutar ke share gidaje.

Daga mako na 4 ana iya fara sakin su na ɗan lokaci idan akwai mutum a tsakar gida, yamma ta fi. Kada a sake su a fita unguwa.

Mataki na 3: Gyara tsakar gidan kanta

Kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma ta san aikinta. Kaji suna da kukan gargaɗi iri biyu, na abin da ya taho ta sama da na abin da ya taho ta ƙasa, 'yan tsaki kuma suna bambance su. Da sun ji na sama sai su ruga ƙarƙashin abu mafi kusa. Matsalar gidajenmu na yanzu ita ce an share komai, an dafe da siminti, babu abin da za a shiga ƙarƙashinsa. A gidan da, rumbu yana kan duwatsu, ƙarƙashinsa mafaka ce. Ga turmi a kwance, ga tarin kara, ga rumfa.

Ka mayar musu da wannan. 'Yan gajerun rumfuna iya gwiwa, na kara ko tsohon kwano a kan bulo huɗu, a warwatsa su yadda duk inda ɗan tsako yake bai fi taku kaɗan ba ya isa ɗaya. Abinci da ruwa a ajiye su a ƙarƙashin rumfa, kada a watsa tsaki a tsakiyar fili inda kowa zai sunkuyar da kai a lokaci ɗaya.

Shirwa tana buƙatar hanya buɗaɗɗiya ta saukowa da ta tashi. Ka ɗaura igiyoyi daga katanga zuwa katanga sama da tsayin mutum, tsakaninsu kamar mita ɗaya, ka ɗaɗɗaura musu tsumma ko leda. Igiyar shanya ma tana cikin lissafi. Wannan yana karya mata hanya, kuma ya fi mutum-mutumi amfani nesa ba kusa ba. Tsofaffin faya-fayan CD da ake ratayewa suna walƙiya suna firgita su na 'yan kwanaki, daga nan hankaka ya gane babu komai. In za ka yi amfani da su sai kana sauya musu wuri.

Zakara mai sa ido da 'yan zabi a gida suna ƙara yawan idanun da ke kallon sama. Kada a yanka zakaran gida duka a bar kaji mata zalla da 'ya'ya.

Mataki na 4: Daina gayyatar su

Shirwa da hankaka sun fi yawa a inda mutum ke zubar da abinci: mayanka, kasuwar 'yan kaji, bola, bakin kwata. Gidan da ake yanka a watsar da hanji a bayan katanga, ko a zubar da sauran tuwo a fili, ya koya musu hanya. Daga cin hanji zuwa ɗaukar ɗan tsako taku ɗaya ne. A binne kayan ciki da gawar kaza, a rufe kwandon shara. Kwanakin Babbar Sallah, da ake fiɗa a kowane lungu, 'yan tsaki su zauna a rufe ko da sun fara fita.

Ƙwai a kwashe shi sau biyu a rana. Kazar da za ta kwanta a yi mata wuri a cikin ɗaki ko akurki mai duhu, hankaka ba kasafai yake yarda ya shiga inda ba ya ganin hanyar fita ba.

Shirwa kuma tana da lokacinta. Wadda muka saba da ita mai rawayan baki tana yawo tsakanin kudu da arewa bisa ga damina, akwai kuma 'yar'uwarta mai baƙin baki da ke zuwa daga Turai lokacin sanyi. Ka lura da watannin da suke cika garinku. Ranar da shinge, wato gara mai fiffike, ya tashi bayan ruwan farko, ko aka sa wa gona wuta a kusa, za su taru da yawa, ranar ba ta sakin 'yan tsaki ba ce.

Game da rina 'yan tsaki da galura, ja ko shuɗi, wanda ake yi a wurare da dama a Najeriya da gabashin Afirka don a rikita idon shirwa: masu yi suna yabawa, kuma ba shi da tsada. Amma launin yana tafiya da zarar gashin gaske ya fara fitowa, ba ya hana ɓera ko maciji, kuma jiƙa ɗan tsako da sanyin safiya kan kashe shi. Wanda zai yi ya yi da rana tsaka, ya shafa a baya kawai, ya kiyaye ido da baki. A ganina taimako ne, ba ya maye gurbin keji.

Mataki na 5: 'Yan shila

Tattabara tana saka ƙwai biyu, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 17 zuwa 19, 'yan shila kuma su yi kusan wata guda a kwance ba sa iya kare kansu. Ɗakin tattabara mai faffaɗar ƙofa kanti ne ga hankaka. A rage ƙofar ta zama daidai jikin tattabara, a kuma sa gurbin kwanciya can ciki ko a gefe, inda mai tsayawa a baki ba zai miƙa wuya ya kai ba. Idan ɗakin a kan turke yake, a naɗe turken da kwano mai santsi tsawon kamu biyu ko uku, ɓera da kyanwa ba za su iya hawa ba. Shahon da ke bugun tattabara a sama kuwa babu ragar da za ta hana shi. Abin da masu tashin tattabara ke yi shi ne su tsare su 'yan kwanaki, su sauya lokacin saki.

Mataki na 6: Sheƙar da ba taka ba

A nan dole zuciya ta yi haƙuri, domin abin da ke faruwa a kan bishiya ya fi abin da muke gani tsanani, kuma haka aka halicce shi. Burtu kan saka ƙwai biyu, amma da wuya na biyun ya rayu, babban ke cinye abincin har ƙaramin ya mutu da yunwa. A sheƙar balbela 'yan'uwa kan saran junansu, na ƙarshen ƙyanƙyasa shi ke shan wuya. Akwai wani ɗan koren tsuntsu mai sheƙi da ke zuwa da damina, ya saka ƙwansa a sheƙar tsuntsun saƙa, ɗansa ya ƙyanƙyashe ya ture ƙwai ko 'ya'yan masu gida waje, su kuma su yi ta ciyar da shi. Ɗan tsuntsun nan mai jagorar mafarauta zuwa ga zuma ana ƙyanƙyashe shi da ƙugiya a baki, yana makaho tsirara yake sarar 'ya'yan masu sheƙar har su mutu. An ɗauki hoton bidiyon wannan a ƙasar Zambiya.

Hankaka ma bai tsira ba. Ana ce masa mai da ɗan wani naka, har wasu na cewa ba ya saka ƙwai. Yana sakawa, a kan dogayen bishiyoyi da turakun sadarwa. Amma akwai wani tsuntsu mai tukku da ɗige-ɗige a fiffike da ke zuwa ya saka nasa ƙwan a sheƙar hankaka, hankakan ya reni ɗan da ba nasa ba. Kazarmu ma in ta samu jaririn ɓera ko ɗan ƙadangare ba ta barin sa.

Ƙananan tsuntsaye sun zo da amsarsu. Kurciya tana kwanciya kusan mako biyu, 'ya'yan su tashi bayan kusan wasu mako biyun, kuma tana iya maimaitawa sau da dama a shekara. Sheƙar da aka ci yau, za ta sake wata. A Ingila an daɗe ana zargin wani ɗan'uwan hankaka mai fari da baƙi da ƙarar da tsuntsayen lambu. Da ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta BTO ta duba ƙididdigar shekaru masu yawa, ba ta samu shaidar cewa yawansa ne ya rage su ba. Abin da ke ƙarar da ƙananan tsuntsaye shi ne rashin wurin sheƙa da rashin abinci: sare bishiyoyi, ƙona shinge, feshin da ke kashe ƙwarin da suke ciyar da 'ya'yansu.

To ga abin da ke hannunka. Ka bar wani ɓangare na gida ko lambu ya yi duhuwa. Magarya, bagaruwa, shingen lalle mai kauri, duk wani abu mai ƙaya ko cunkoson reshe, babban tsuntsu ba ya son kutsawa ciki. Kada ka yi sassabe ko rage reshe sai ka duba babu sheƙa. Reshen da ka sare don haske, wataƙila shi ne labulen da ya rufe ta. Kwanon ruwan da kake ajiye wa tsuntsaye lokacin zafi, ka sa shi taku biyu ko uku daga duhuwa: kusa yadda za su ruga in shaho ya taho, da ɗan nisa yadda kyanwa ba za ta laɓe ta cafke su ba.

Mafi muhimmanci, ka daina leƙe. Duk lokacin da ka je ka ɗaga ganye, uwar ta tashi da ƙara, hankakan da ke kan kwano ya gani. Yara masu nuna wa abokansu sheƙa sun fi shaho tona asiri. A nuna musu daga nesa, a gaya musu dalili. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana shimfiɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Yaron da ya san wannan hadisin da wuya ya hau bishiya ya kwaso 'ya'yan kurciya.

Mataki na 7: Idan ka tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa

Duba gashinsa. Idan ya yi gashi, yana tsalle, yana riƙe yatsa da ƙafa, to ya bar sheƙa ne da kansa, iyayensa suna kusa suna ciyar da shi. Ka ɗora shi a reshe mai duhuwa kusa da inda ka gan shi, ka tsare kyanwa, ka bar wurin.

Idan tsirara ne ko gashinsa tsinke-tsinke, ka nemi sheƙar ka mayar da shi. Maganar cewa uwa tana ƙin ɗanta in hannun mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ce. Idan sheƙar ta faɗo, a sa ta cikin ƙaramin kwando ko ƙwarya mai huji a gindi, a ɗaure a reshen da ta fito, a ja da baya a jira.

Kada a ɗura masa ruwa a baki, yana shiga huhu. Jaririn kurciya ko na tattabara da wani farin abinci da iyaye ke amayo masa daga maƙoshi yake rayuwa a kwanakin farko, gero ko koko ba ya maye gurbinsa, shi ya sa yawancin waɗanda yara ke kawowa gida ba sa kwana biyu. Wanda hankaka ya riga ya fasa wa ciki ko kai ba zai rayu ba. Ka sa shi a inuwa inda tururuwa ba za ta same shi ba, kada a bar yara su yi ta juya shi.

A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa, kuma kada a haɗa tsuntsun daji da kajin gida. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba. In ka ga tsuntsaye da yawa sun mutu a wuri ɗaya, kada ka taɓa, ka sanar da ofishin lafiyar dabbobi.

Maganar kisa da guba

Wani zai ce ai hankaka da shirwa suna cikin abubuwa biyar da hadisin Bukhari da Muslim ya halatta kashewa ko a cikin Harami, tare da kunama, ɓera da kare mai cizo. Haka ne, kuma dalilin shi ne cutarwarsu. Wanda tsuntsu ɗaya ya addabe shi ya kawar da shi ba za a ce ya yi laifi ba. Amma izinin kawar da cuta daban, zuba guba a fili daban.

Naman da aka barbaɗa wa shinkafar ɓera ko maganin feshi aka ajiye a kan katanga ba ya zaɓen mai ci. Kyanwar maƙwabci za ta ci, kare zai ci, gawar da ta faɗi kaza za ta tsattsaga, yaro mai rarrafe na iya kai hannu. Ungulu kuma, wadda ba ta taɓa ɗaukar ɗan tsakon kowa ba, ita ce kan gaba wajen mutuwa. Dattawa sun san lokacin da ungulu ke cika mayanka da rufin kasuwa. Yau yara da yawa a biranenmu ba su taɓa ganin ta ba, kuma tun 2015 aka sa irin tamu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Guba na cikin manyan dalilai. Shirwa da hankaka yanzu su ne suka rage suna kwashe mushe da ƙazantar da ungulu ta bari, suna kuma cin fara da ɓeraye. Ban ga ribar da ke cikin ƙarar da su ba.

Idan wata shirwa ko wasu hankaki biyu sun mayar da gidanka wurin zuwa kullum, sabo ne ya kawo su, kuma sabo yana yankewa. Ka rufe 'yan tsaki ruf, ka kwashe ƙwai da wuri, ka hana duk wani abin ci a fili na mako ɗaya zuwa biyu. Za su yi ta zuwa kwanakin farko, su zauna a kan katanga su duba, sannan su rage, domin su ma suna da bakunan da ke jiran su a sheƙa kuma ba za su ɓata yini a inda babu samu ba. Ka yi magana da maƙwabta a yi tare, don in gidan da ke jikin naka yana watsar da hanji, rufewarka kaɗai ba za ta kore su daga unguwar ba.